HANNUN DA KE KASHE WUTA

Shafi na 23

Masu cewa na bar Injiniya a tsugune a kan rufi kwana uku rana tana dukansa, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa ruwa. Ga shi nan, mu koma bakinsa.

*

Tun ƙarfe goma sha ɗaya nake maƙale a bayan tankin ruwa, a saman benen nan mai hawa bakwai. Rana ta dafa min ƙeya, simintin rufin kuma yana gasa min tafin ƙafa ta cikin takalmi.

A gabana faifan sola ne ɗari da arba'in, jere reras. Wata biyu muka yi ni da ma'aikatana muna hawa da su muna ɗaurewa. Aikin da ya fi kowanne girma tun da na buɗe ɗan kamfanina. Sati uku yana tafiya lafiya lau, ofisoshin ginin duka suna shan wuta ba ƙara ba hayaƙi.

Sai ga kwanakin aiki shida a jere wuta tana yankewa.

Kwamfutar inbata, na'urar da ke juya wutar sola zuwa ta gida, ba ta ƙarya. Kullum da sha biyu da 'yan mintuna, wutar da ke saukowa daga rufi sai ta faɗi tashi ɗaya, kamar an sare ta da adda. Batir ya riƙe ginin na awa biyu, ya ƙare, ko'ina ya ɗauke. Na san na'ura ba ta lalacewa da agogo a hannu. Wannan hannun mutum ne.

Jiya abin ya kai inda ya kai. Wata sakatariya mai tsohon ciki ta maƙale a cikin lif ɗin hawa bene minti ashirin, aka fito da ita tana haki. Manajar ginin ta kira ni ta ce zuwa ƙarfe huɗu na yau tana son amsa a kan teburinta.

Shi ya sa na hau na ɓuya. Wayata a hannu, na shirya ɗaukar hoton ko wane ne. Har kalaman da zan jefa masa na tanada.

Sha biyu da minti bakwai na ji motsi a ƙofar rufin.

Tari ne ya fara isowa. Tari biyu gajeru, da gyaran murya a ƙarshe.

Na san tarin nan. Shi ake yi a ƙofar gidana kafin a yi sallama.

Na ce a raina, Allah ya sa wani ne.

Ya fito a hankali, yana dafa bango. Shuɗiyar rigar aikinsa da ta koɗe, hular da mai ya ci bakinta, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Baba Janareta, kamar yadda kowa a ginin ke kiransa. Shekara ashirin da biyu yana kula da injin wuta a ƙasan benen nan.

Mahaifin matata ne.

Ban san lokacin da na sauke wayar ba.

Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya nufi akwatin da ke jikin bango, inda babban makunnin yake. Ya buɗe murfin. Ya daɗe tsaye yana kallonsa, leɓensa na motsi. Sannan ya sa hannun hagu ya juya shi ƙasa.

Ƙas.

Da a ce akwai wata hanyar sauka, wallahi da na bi ta. Da na bar shi ya tafi, in je in ce wa Manaja ban ga kowa ba. Na ja jiki baya don in ƙara ɓuya, sai ƙafata ta bugi wani guntun ƙarfe da muka bari, ya yi ƙara a kan siminti.

Ya juyo.

Muka haɗa ido. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba sai ranar.

Ni na fara sunkuyar da kai. Kuma abin da ya fito daga bakina, don tsabar ruɗewa, gaisuwa ce. Na rusuna na ce, “Baba, ina wuni.”

Ya zame a jikin bangon, ya zauna a kan simintin nan mai zafi, ya ɗora hannunsa mai tsumma a kan gwiwa.

Na matsa na mayar da makunnin sama. Na rufe murfin. Na rasa inda zan sa kaina, sai na tsuguna nesa da shi kaɗan, ina kallon igiyar takalmina.

Shi ya fara magana.

“Tun yaushe kake nan?”

Na faɗa masa.

“Ka ga komai ke nan.”

“Ban ga komai ba, Baba.”

Ya yi wata dariya marar sauti. Ya ce in daina, shi ba yaro ba ne, ni ma ba makaho ba ne.

Na tambaye shi hannun. A gida ya ce wa Mama, surukata, bututun hayaƙin janareta ne ya ƙona shi, matata har ta kai masa man shafawa. Ya warware tsumman ya nuna min. Tafin hannun ya sale, tsakiyarsa fari fat. Ba ƙunar bututu ba ce. Ranar farko, in ji shi, bai san da makunnin ba, sai ya kama wayoyi biyu a bayan faifan ya fizge mahaɗarsu. Wuta ta yi tsalle ta lashe shi.

Wutar da ke bin wayoyin nan da tsakar rana ba ta wasa ba ce. Da ƙarar kwana, da gawarsa na hau na tarar.

“Baba, da ka mutu fa.”

“Na yi tunanin haka daga baya.”

“Me ya sa?”

Ban yi niyyar tambayar ta fito da wannan muryar ba. Suruki ba ya tuhumar suruki. Amma ta riga ta fita.

Ya naɗe tsumman a hankali, ya ɗaure bakinsa da haƙori. Sannan ya fara magana, ba da ni ba, kamar da faifan da ke gabansa yake yi.

Ya ce shekara ashirin da biyu, duk lokacin da wuta ta ɗauke a ginin nan, sunansa ake fara kira. Daga hawa na bakwai har ƙasa, lauyoyi, masu lissafi, masu zanen gidaje, kowa Baba, Baba. Shi kuma ya tashi, ya goge hannu, ya tayar da injin, ya ji fankoki sun ɗauka, ya ji mutane sun yi ajiyar zuciya. Ya ce ya san janaretan nan fiye da yadda ya san 'ya'yansa. Daga ƙararsa yana gane in mai ya yi ƙasa.

Tun da aka kunna sola, sati uku cur ba wanda ya neme shi. Yakan zo da bakwai na safe, ya share ɗakin injin, ya goge shi, ya zauna a kan benci har yamma. Mutane su wuce shi kamar turken fitila. Wata rana wani sabon ma'aikaci ya miƙa masa makullin mota, ya ɗauka mai wanki ne.

“Ranar farko da na kashe,” ya ce, “da wutar ta ɗauke, na ji wata mata daga sama tana cewa ina Baba, a kira Baba. Hannuna yana ƙuna, amma sai da na yi murmushi. Ka ji irin tsufan da na yi.”

Na ce masa ai ba wanda zai kore shi. Janaretan yana nan ko don damina. Na ce zan yi wa Manaja magana da kaina.

Ya juyo ya dube ni. Wannan karon shi ne bai kau da ido ba.

“Kai za ka yi mata magana?”

“Ni, Baba.”

Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, ya ciro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Ya miƙo min.

Ina buɗewa na gane ta. Shafi na huɗu ne na bayanin da na rubuta wa masu ginin lokacin da nake neman aikin. Tambarin kamfanina a sama, sa hannuna a ƙasa. An ja wa layi ɗaya biro ja.

Bayan kammala aikin, ginin ba zai ƙara buƙatar mai kula da janareta na dindindin ba.

Na karanta. Na sake karantawa.

Ni na rubuta shi. Na tuna ranar sarai. Ina zaune a falona, 'yan biyuna suna hawa kaina suna sauka, matata tana guga. Na lissafo amfanin sola ɗaya bayan ɗaya, na ga jerin bai cika ido ba, na ƙara wannan. Lokacin da nake buga shi, wallahi ban ga fuskar kowa ba. Mai kula da janareta, kalmomi ne kawai a kan takarda. Ko kuwa na gani na kau da kai? Har yanzu ban iya ba kaina amsa ba.

Ya ce a cikin takardun da aka ba shi ya ƙona ya tsince ta. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya kai wa mai gadi ya karanta masa. Mai gadin ya karanta, ya kai ƙarshe, ya ga sunan da ke ƙasa, ya yi shiru. Ya ce shirun nan na mai gadi ya fi rubutun ciwo.

“Wa ya kawo ka ginin nan, Injiniya?”

Na shiga ninke takardar.

“Ina tambayarka.”

“Kai ne, Baba.”

Shi ne. Kamfanoni uku manya suna neman aikin. Baba ya sa rigarsa ta fita kunya, ya hau hawa bakwai a ƙafa don lif ya lalace a ranar, ya tsaya gaban Manaja da hula a hannu. Ya ce mata yana da suruki mai aikin sola, yaro ne mai amana, in ya ci amana a kama shi shi Baba. A kan maganarsa aka buɗe min ƙofa.

Sai wani abu ya faɗo min a rai wanda ya fi takardar muni. Ranar da aka kunna wutar, mun je gidansu cin abinci. Ina ta zuba, ƙannen matata suna dariya. Na ce janaretan nan ya zama kayan tarihi, a kai shi inda ake ajiye tsofaffin kaya a riƙa biya ana kallo. Kowa ya yi dariya. Baba ma ya yi. Ya wanke hannu ya tashi, ya ce ya ƙoshi.

Ashe a lokacin takardar nan tana aljihunsa.

Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai hawa bakwai ne tsakanina da ƙasar.

“Baba, ka yafe min.”

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba don ya wanke kansa ya nuna min ba. Abin da na rubuta gaskiya ce, ginin ba ya buƙatarsa, ko bai ji daɗi ba. Amma abin da shi ya yi ba shi da suna sai ɓarna. Ya ce jiya da aka fito da yarinyar nan daga lif, shi ya riƙe mata ƙofa. Ta dube shi tana hawaye ta ce Allah ya saka da alheri Baba, ba don kai ba da ban san yadda zan yi ba.

Ya juya fuska wajen tankin.

“Ta yi min addu'a. Ni da na kulle ta.”

Na ce to me ya sa ya dawo yau.

Ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan tun daga matakala ta farko. Ya rantse da safe ba zai hau ba. Sha biyu na yi, ya ga ƙafarsa ta kawo shi.

Ban taɓa ganin hawayen dattijo a kusa haka ba. Na mayar da idona kan faifan, na yi kamar ina duba ƙura.

Da ya natsu, na faɗa masa shawarar da na yanke. Zan ce wa Manaja makunnin ne ya samu matsala, zafi ke sa shi faɗuwa da kansa. Zan canza shi yau a gabanta. Magana ta mutu. Mama ba za ta ji ba, matata ba za ta ji ba, ƙannenta da ke ganin ubansu kamar dutse ba za su ji ba.

“Za a ce aikinka ne ba kyau.”

“A ce.”

“Ginin nasu na biyu fa, da ake cewa kai za a ba?”

Na ce Allah ya hore wani.

Ya girgiza kai. Ya ce ya riga ya ɓata min kwana shida, ba zai ɓata min suna ba. Na ce sunan ai shi ya ba ni aronsa tun farko. Muka yi ta ja, kowa yana ƙoƙarin ƙwace laifi daga hannun ɗan'uwansa, kamar masu rigimar biyan kuɗin mota. A ƙarshe na yi abin da ban taɓa yi ba, na haɗa shi da jikokinsa. Na ce don 'yan biyu ya koma ɗakin injinsa ya zauna, ya bar min wannan.

Bai ce to ba. Bai ce a'a ba. Ya dafa bango ya miƙe. Na kai hannu in taimaka masa, ya kauce.

Na bi shi a baya muna sauka, shi a gaba yana riƙe da ƙarfen matakala, ni ina ƙirga tsani don kada in kalli bayansa. A hawa na biyar wayata ta yi ƙara. Matata ce. Ta ce in na ga Baba in tambaye shi hannun, in kuma tabbatar yana shafa man.

Na ce zan tambaye shi.

Ya ji. Bai waigo ba.

*

Huɗu saura minti biyar na ƙwanƙwasa ofishin Manaja.

Mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita tambaya. Ta nuna min kujera, ta cire tabarau ta ajiye.

Na zuba mata ƙaryar da na shirya. Makunni, zafi, kuskuren zaɓen kaya. Na ce laifina ne, ni na sayo shi, ni na ɗaura shi. Ina magana ina jin gumi yana bin bayana duk da sanyin ɗakin. Sanyin da wutata ke bayarwa.

Ta bar ni na kai aya. Sannan ta tambaye ni, zafin rana ya san ranar hutu ne? Don a ranar da ba a zo aiki ba, wutar ba ta yanke ba.

Na ce wataƙila an yi hadari a ranar.

Ta ce ba a yi ba.

Na ce ni dai makunni na sani.

Ta ce in haka zan sa hannu a kai, ita za ta rubuta yadda na faɗa. Amma in sani, masu ginin za su janye maganar gini na biyu, kuma duk wanda ya tambaye ta game da aikina ba za ta rufa min asiri ba, don an kusa rasa rai biyu a lif ɗin nan.

Na ce na yarda.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta jawo aljihun tebur, ta fito da wata takarda, ta juyo da ita wajena.

Takardar ɗaukar aiki ce. Sunan surukina a kai.

Ta ce tun ranar da ta karanta layin nan nawa a shafi na huɗu bai kwanta mata ba. Wata biyu tana fama da masu ginin, sai makon jiya suka amince. Baba zai zauna. Shi zai kula da ɗakin batir da wankin faifan da janaretan gaba ɗaya, in na yarda in koya masa. Ta so ta ba shi tun ranar, sai wannan matsalar ta taso, ta ce bari ƙura ta lafa.

“Makullin rufi da na ɗakin batir duka za su koma hannunsa,” ta ce. “Shi kaɗai na yarda da shi a ginin nan. Sa hannuna kawai ya rage.”

Na kalli takardar. Matar nan, bare a gare mu, ta yi wata biyu tana gyara abin da ni na ɓata da layi ɗaya. Da ta miƙa masa ita kwana bakwai da suka wuce, da duk wannan bai faru ba.

Ta ɗauki biro.

“Kafin in sa, Injiniya, zan yi abin da ban saba ba. Zan sake tambayarka. Makunni ne?”

Na buɗe baki.

Aka turo ƙofar ba tare da ƙwanƙwasawa ba.

Baba ne. Ya cire rigar aikin ya ninke ta a kan hannunsa, hularsa a ɗaya hannun. Bai kalle ni ba.

“Ranki ya daɗe, kada ki rubuta abin da yaron nan ya faɗa miki.”

Na miƙe tsaye. “Baba, don Allah...”

“Zauna.”

Manaja ta dubi hannunsa mai tsumma. Ta dubi takardar da ke gabanta. A hankali ta mayar wa biron murfinsa, ta kife takardar a kan tebur.

“Baba, rufe ƙofar,” ta ce. “Cikin ku biyu, wa zan fara saurara?”